Ordinatar Baffa da Tubabben Ɓarawo

Abin da na fara gani da na isa gidan Baffa a Magariya shi ne an ba wani kwali gadona. Ɗakin baƙi ne, nan nake kwana duk bakans, wato hutun makaranta, tun ina ƙarama, na san gadon har ƙafarsa guda da aka tokare da rabin bulo. Sai na tarar an saki gidan sauro da rana tsaka, an tura bakinsa ƙarƙashin katifa, kwalin yana kwance a tsakiya, lulluɓe da sabon zanen Tanti, matar Baffa. Ni kuma an shimfiɗa mini tabarma a ƙasa.

"Ordinata ce," in ji Tanti, murya ƙasa-ƙasa kamar mai gudun tashin jariri. "Baffanki ya sayo. Kada ki taɓa, kada ki jingina, kada ki yi shara kusa da ita."

"Ba ta aiki ne, Tanti?"

"Ba a gama shawarar tsaronta ba."

Baffa yayan mahaifina ne. Wake da gyaɗa yake saye a ƙauyuka ya kai ƙetaren iyaka, kuma babu abin da yake tsoro a duniya kamar ɓarawo. Kwaɗo uku ne a ƙofar shagonsa. In ya rufe sai ya ja kowanne, ya yi tafiya, ya dawo ya sake ja. Ranar da ya sayo ordinatar, wato kwamfutar tafi-da-gidanka, a cikin mota ya ji ana hira a rediyo cewa yanzu akwai ɓarayin da ke shiga na'ura su kwashe abin da ke ciki ba tare da sun taka ƙofar gida ba. Tanti ta ce da ya sauka ko ruwa bai sha ba. Ya kafa doka: babu mai taɓa ta sai an san irin tsaron da za a sa mata.

Ni ma da nawa kayan na zo. Da zan hau mota a Dungas, Inna ta damƙa mini tsohuwar salularta a naɗe cikin ɗankwali. Batirin ya kumbura har murfin baya ya ɗaga, da roba aka ɗaure shi. A ciki akwai wokal, wato saƙon murya, arba'in da ɗaya na Kaka, mahaifiyar su Baffa, wadda ta rasu da daminar bara. A gidan Baffa ta yi shekarunta na ƙarshe, daga nan take aiko wa Inna da saƙon murya, kuma salular da take aikowa da ita ta faɗa randa tun tana da rai. Inna ta ce in sami wanda zai fitar da muryar kafin salular ta mutu. Ta kuma ce kada Baffa ya ji. Dalili kuwa, kusan duka a kansa Kaka take magana.

"Ke, kina ji na? An ce in danna nan. To na danna. Yaron nan ya sake sayo agogon bango, na huɗu ke nan, kowanne da lokacinsa. Mutum da furfura! Tun yana rarrafe haka yake, in ya ga abu mai ƙyalli sai baki ya buɗe kamar ɗan tsako. Ki aiko mini da daddawa, ta garin nan ba ta da wari. Shi ke nan. Yaya ake kashewa? Ke, zo ki kashe mini abin nan."

Duk haka suke, kuma kowanne da tarinta a ƙarshe.

Ran Lahadi maƙwabcin Baffa ya zo, wanda kowa ke ce wa Sakatare domin a wani ofis yake aiki. Shi aka yarda ya fitar da ordinatar daga kwali, ya kunna, ya sa mata kod, wato kalmar sirri. Baffa ya ce kowa ya juya baya, shi ma ya juya, har ya rufe ido. Sai dai Sakatare irin mutanen nan ne da ba sa iya rubutu sai suna faɗin abin da suke rubutawa. Harafi ɗaya-ɗaya ya kira kod ɗin, da ƙarfi, sau biyu, domin na'urar ta ce ya maimaita. Tanti da ke madafa ta ji. Akuyar da ke ɗaure a gindin dalbejiya ma ta ji.

A kolej ɗinmu ordinata ɗaya ce, tana kan teburin malami, mu muna hango ta daga benci. Sau biyu na taɓa ta a shekara guda. Amma ba a hana kallo ba, ni kuwa kallo na iya. Ran Litinin da hantsi, Baffa yana shago, Tanti ta tafi barkar haihuwa, na ɗaga gidan sauro na shiga. Na kunna, na sa kod ɗin da ni ma na ji, na haɗa salular Inna da ordinatar da wayar sharje, wato ta caji, na buɗe dosiye, ma'ajiyar cikinta, na zuba wokal ɗin Kaka duka, na ƙirga suka cika. Na mayar da ita kwali, na mayar da zanen yadda na same shi, furen tsakiya yana kallon ƙofa.

Washegari salular ta ƙi tashi. Mai gyara a bakin tasha ya buɗe ta, ya shinshina, ya miƙo mini ya ce in yi haƙuri. Daga ranar babu inda muryar Kaka ta rage sai a cikin abin da aka hana ni taɓawa.

A ranar kuma aka fara zaman shawara. Bayan la'asar ake yi, a zaure. Ana ɗauko ordinatar a aza kan tabarma a tsakiya, a rufe ta da zanen Tanti don kada ƙura ta hau, maza su kewaye ta. Ni ce mai kai shayi da wanke kofuna a bakin ƙofa. Na daɗe da gano cewa ba a ganin yarinyar da ke wanke kofuna.

Su uku ne masu shawara. Akwai Sakatare. Akwai taubashin Baffa, wani alhaji da ya zo daga ƙetaren iyaka, wanda ba ya ce mata ordinata sai kwamfuta, Baffa kuma ba ya ce masa komai sai bawana. Sai mijin babbar ƴar Baffa, malamin lissafi a Waca, da muke ce wa Mushe. Shi da yake suruki ne ba ya hawa tabarma. A gefe yake tsugunawa, kansa a ƙasa, duk bayanin da zai yi da takalman Baffa yake yi.

Mushe ne ya fara fayyace abin. Ya ce kowace na'ura akwai mai gida a cikinta, sistem ake ce masa, shi ke cewa wane ya shiga, wane ya tsaya a waje. Manya uku ne. Ya faɗi sunayensu, Baffa ya kasa riƙe ko ɗaya, sai aka nuna masa alamominsu a salular Alhaji. Daga nan suka zama mai taga, da mai tuffa, da mai tsuntsu. Tsuntsun baƙi da fari ne, da tumbi, yana zaune kamar wanda ya ci ya ƙoshi.

"Ana cinsa?" in ji Baffa.

"Ban fi Baba sani ba," in ji Mushe, "amma a ƙanƙara yake zama."

Mai taga ne a cikin ordinatar tun daga kanti, kuma Sakatare ya ce a bar shi. Duk ofisoshi da shi ake aiki, in ya sami matsala ko a Magariya akwai mai dubawa, masu shi kuma kullum suna aiko da gyara ana toshe ramuka. Sai dai a ƙara masa mai gadi, wato antibirus.

"Gidan da kullum ake toshe rami," in ji Alhaji, "ai ɓeraye sun san hanyarsa."

Sakatare ya ce, "Kasuwa ce, Alhaji. Inda jama'a suka taru nan ɓarawo yake zuwa. Amma nan ma jandarma yake."

"To shi wannan bawan nawa kasuwa zai ajiye a ɗakin baƙi? Ka ji, kai. Mai tuffa gida ne mai doguwar katanga, ƙofa ɗaya. Ko allura ba a shigar da ita sai mai gida ya duba."

"To a sa shi mana," in ji Baffa.

"Ba ya shiga wannan. Tasa na'urar daban ce. Ka mayar da wannan gwangwanin ka sayo ta kirki."

"In ta lalace fa?"

"Ka kai Kano."

"Kai ne bawa, ai kai za ka ɗauka a ka."

Mushe ya jira suka gama dariya, sannan ya gaya wa takalman Baffa cewa mai tsuntsu ba ya barin a sa komai a cikinsa sai ya tambayi kod, kuma masu amfani da shi kaɗan ne, ɓarayi ba su cika ɓata lokaci a kansa ba, kamar rugar da ke nesa da hanya. Ya ƙara da cewa kowa yana iya duba yadda aka gina shi, ba a ɓoye komai ba.

Baffa ya ajiye kofi. "Kowa? Har ɓarawo?"

"Har ɓarawo, Baba. Amma masu gaskiya sun fi yawa. In sun ga tsaga sai su yi shela a toshe."

"A ina ake sayensa?"

"Kyauta ne, Baba."

"Kwaɗon kyauta," in ji Baffa, ya kalli Sakatare, ya kalli Alhaji. "Kwaɗon kyauta, kuma maƙerin ya kira gari ya nuna musu cikinsa."

"In ya lalace kuma," in ji Sakatare, "daga nan har Dungas mutum ɗaya ne ya san kansa, ga shi can a tsugune."

Akwai abin da na lura da shi tun ranar farko, na ɗauka wani zai faɗa. Babu intanet a gidan. Ɓarayin rediyo ta nan aka ce suna shigowa, mu kuwa ko kuran, wato lantarki, sai ya ga dama yake zuwa. Tanti ce ta gaji ta faɗa daga bayan labule, da ta zo karɓar buta. Baffa ya ce gara a gina katanga kafin a yi hanya. Sakatare ya ce wannan magana ce, har ya so ya rubuta.

Can Baffa ya tambayi yadda ake sauya mai gida ɗaya da wani. Mushe ya ce sai an wanke na'urar tas, duk abin da ke ciki ya tafi, sannan a zuba sabo.

"Ba damuwa," in ji Baffa. "Ai babu komai a cikinta."

Kofi ɗaya na riƙa wankewa har Tanti ta leƙo ta tambaya ko rami nake so in yi masa.

Na yi ƙoƙarin magana, kada a ce ban yi ba. Na tsara kalmomin a raina tun daga madafa. Na durƙusa gaban Baffa na ce, "Baffa." Ya ce, "Yauwa, ƙaro sukari." Na tashi na ƙaro sukari. Ko da ya saurara ma, me zan ce? Na karya dokarsa, kuma na san halinsa, cewa zai yi a kunna kowa ya ji. Sai Alhaji ya sami labarin ɗan tsako, ya kai shi ƙetaren iyaka, Baffa ba zai sake sauke buhu a can ba sai an yi masa kukan kaza.

Ran Laraba Baffa ya ce ya gaji da maganar masu boko, a kira Tubabbe.

Duk ɗan kasuwar Magariya ya san wannan al'ada. Tubabbe tsoho ne mai sayar da kwaɗo da makullai a kasuwa. Da ƙuruciyarsa ɓarawo ne, irin wanda har yanzu ake ba da labarinsa, ya tuba tun kafin a haife ni. In mutum ya yi sabuwar ƙofa ko ya gina sito, sai ya kai masa goro ya ba shi izinin satar gwaji. In ya kasa shiga, ƙofa ta yi. In ya shiga, sai ya ɗauki abu ɗaya, washegari da safe ya dawo da shi, ya faɗi inda ya bi. Baffa bai taɓa rataya kwaɗo ba sai Tubabbe ya gwada shi.

Ya zo da babbar riga ruwan toka da carbi, gemunsa fari fat. Ya gaisa da kowa har da ni, abin da babu wanda ya taɓa yi a zauren. Aka maimaita masa komai daga farko: kasuwa, da katanga, da ruga. Yana ta gyaɗa kai.

"Wanne ya fi nauyi?" ya tambaya.

Mushe ya ce, ban fi Baba sani ba, amma nauyinsu ɗaya ne, ba a jin su a hannu.

"Madalla," in ji Tubabbe.

Baffa ya tambayi wanne ne ba a taɓa fasawa ba. Nan rigima ta tashi, domin kowanne ya san an taɓa fasa na ɗan'uwansa, kuma da aka matsa, kowanne ya yarda an taɓa fasa nasa, amma ba laifin sistem ba ne, laifin mai shi ne. Alhaji ya fito da salula yana nuna wani abu, kawuna huɗu suka taru a kanta. Har Mushe ya manta ya ɗago kai.

Ni kaɗai na gani. Tubabbe ya ce bari ya kama ruwa. Ya dafa ƙasa zai tashi kamar yadda tsofaffi ke yi, hannun rigarsa ya rufe zanen Tanti. Da ya miƙe, zanen yana nan da tudunsa, amma farantin shayin da na ajiye kusa da gwiwarsa babu shi. Ya zo wucewa ta gabana, hammatarsa ta hagu a matse. Muka haɗa ido. Ya ce, "Sannu da aiki, jikata," ya sa takalmi, ya fita ba gaggawa.

Kusan rabin awa suka ci gaba da gardama a kan faranti. Sakatare har ya dafa shi ya ce wannan na'ura da mai taga aka haife ta, da shi za ta mutu. Sai da ya ɗaga zanen don ya nuna wani maɓalli aka ga tambarin shayi a jiki. Alhaji ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Baffa kuwa murna ya yi. "Ban gaya muku ba? Hannunsa bai mutu ba!"

Ran Alhamis da safe Tubabbe ya dawo da ita. Hukuncinsa gajere ne. Ya ce shi bai san abin da ke cikin waya ba, amma a hammata duk ukun ɗaya ne. Ya ba da shawarar akwatin ƙarfe da kwaɗo mai kyau. Kafin azahar ordinatar ta bar gadona ta shiga akwatin auren Tanti, aka kwashe kwanoni aka jera a ƙasa. Makullin Baffa ya rataya a wuya, cikin riga.

Sannan ya yanke nasa hukuncin. Tunda babu wanda ya ci, kowane sistem za a ba shi mako guda. Mai tsuntsu zai fara, sai a mayar da mai taga, mako na uku kuma Alhaji ya aro mai tuffa a sa ta cikin akwatin ita ma ta yi kwanakinta. Gobe Juma'a bayan masallaci Mushe zai zo da kile ɗinsa, ɗan ƙarfen da ke ɗauke da sistem, daga Waca ya wanke ta.

"Yaya za a gane wanda ya ci?" in ji Sakatare.

"Wanda ba a saci komai ba a makonsa."

"Ai babu komai a ciki," in ji Sakatare.

"To, sai mu gani," in ji Baffa.

Da la'asar Tanti ta aike ni kasuwa sayen kuka da barkono. Na biya ta shagon wata mata mai fotokofi kusa da tasha. Sau uku na wuce ƙofar kafin in shiga. Na tambaye ta ko ana iya fitar da murya daga ordinata a sa a memuwar, ɗan katin nan da ake sa wa salula. Ko ɗago kai ba ta yi ba, ta ce in kawo, kafin shayi ya tafasa an gama. Ta ce gobe tana rufewa kafin masallaci.

Rumfar Tubabbe tana ƙarshen layin maƙera. Makullai a rataye a igiya, iska tana kaɗa su. Na tsaya daga gefe ina kallon wani kwaɗo mai ruwan zinariya har ya gama da mutum biyu.

"Jikata mai kofuna," ya ce. "Jiya kin gan ni ba ki yi magana ba. Shekara nawa ina aikin nan, ba a taɓa gani na ba sai ke. Kwaɗo kike so ko makulli?"

Na durƙusa na gaishe shi. Na ce ba ko ɗaya. Sai maganar ta fito, ban san ta inda ta bi ba. Na gaya masa salular Inna, da wokal arba'in da ɗaya, da wankin da za a yi gobe. Ya tambayi me tsohuwar take cewa a ciki. Na sunkuyar da kai na maimaita masa na agogon bango, da muryarta, har tarin. Kafaɗunsa suka riƙa rawa, ya goge ido da hannun riga.

"Allah ya jiƙanta. Ki gaya wa Baffanki mana."

"Ba zan iya ba, Baba."

"Uhm. Alhajin ƙetare yana nan." Ya juya carbi. "Kin san akwatin nan kwaɗona ne a jiki? Mafi kyau a rumfar nan na ba shi."

"Na sani, Baba."

"Kin kuma san na tuba. Yanzu ba na ɗaukar komai sai da izinin mai kaya."

"Akwatin na Tanti ne," na ce. "Ordinatar ta Baffa ce. Amma abin da ke ciki na Inna ne, kuma ita ta aiko ni."

Ya ɗauki wani ɗan ƙarfe siriri daga cikin gwangwani yana goge shi da yatsa, yana kallon layin maƙera. Kuka da barkono suna hannuna, ledar ta jiƙe da gumi. Na gaya masa Baffa yana fita shago da zarar ya karya kumallo, Tanti kuma tana shiga wanka da hantsi, ƙofar baya sakata ce kawai, mai fotokofi tana nan har azahar.

"Don Allah, Baba," na ce, "ka sake sace ta gobe. Kafin a sauko daga masallaci zan kawo maka ka mayar."